Kebul ɗin da Kwamfutarka Ta Ƙi Ganewa

Mubi, Alhamis ta biyu bayan Ista.

Zuwa ga mijina, Baban Talatu,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na ɗauki biro zan rubuta ina fata kana lafiya, sai na tsaya, don ban san yadda ake tambayar lafiyar mutumin da muka rufe da ƙasa wata biyar da suka wuce ba. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana nan ma, jan bironka za ka fara ɗauka, ka bi ni layi-layi kana gyara mini rubutu kamar 'yar aji uku, sai ka kai ƙarshe sannan ka tambaye ni me nake son faɗa. To yau babu mai gyara, zan rubuta yadda ya zo mini.

Bari in fara da labarin gida, tun da kai ba ka son a shiga magana ta tsakiya. Zafi ake yi irin wanda ka sani, wanda yake sa ka kwana a tsakar gida da singileti kana faɗa da sauro. Mayo, kogin garinmu, ya ƙafe, sai yashi da masu wanki suna tona ramuka. Mangwaron bayan gida ya yi 'ya'ya har reshe ɗaya ya karye, ni kuwa ko uku ba na iya sha a rana, jemagu ne suke cin rabonka. Akuyarka mai baƙin kunne ta haifi biyu. Yayanka ya zo daga Kwaja a makon jiya, ya ce zai noma gonarka bana don kada ta zama daji, na ce masa ya noma. Alhaji Buba, abokinka na Wuro Patuji, har yanzu yana aiko da kindirmo ranar kasuwa. Sau biyu ya zo da kansa, ya zauna a bencin ƙofar gida inda kuke musu kan ranar da ruwa zai sauka, ya gaishe ni, bayan kamar rabin awa ya tashi ya tafi. 'Yan zumuntar mata na coci sun daina zuwa kullum, haka kuma ya kamata, kowa da gidanta. Da yamma gidan yana yin shiru har ina jin ƙarar agogon falo daga madafa.

Babban labarin shi ne Talatu za ta zo ta ɗauke ni ƙarshen watan nan. Ta ce ba za ta iya barci a Jos ba tana tunanin ina nan ni kaɗai da hawan jini. Na yi gardama har na gaji, daga baya na ce to. Na'urarka ta kallon taurari kuma za a kai ta makarantar da ka koyar a ƙarshe, kamar yadda ka sha faɗa. Motar makarantar za ta zo ranar Asabar, jibi ke nan.

A kan wannan na'ura nake rubuto maka.

Ka tuna ranar da ta iso? Tsohon ɗalibinka ne ya aiko maka da ita daga ƙasar waje, ta hannu ce, a cikin akwati mai girman akwatin amarya. Ka buɗe ka tsaya kana kallo kamar wanda aka miƙa wa jariri. Ni kuwa na ce turmi ne aka ɗora wa ƙafa. Ba ka yarda ka kafa ta a fili ba, don tun shekarar da 'yan bindiga suka shigo gari muka gudu kan dutse ba ka son a hango abu mai kama da bindiga a gidanmu. Sai ka gina mata ɗan ɗaki a bayan gida, ka zuba ginshiƙin siminti a tsakiya, ka yi mata rufin kwano da ake turawa gefe. Ɗakin ajiyar hatsin da na yi shekaru ina roƙo bai samu ba, amma turminka ya samu ɗaki cikin mako biyu. Na faɗa maka wannan a lokacin, na kuma maimaita maka shi ya fi sau ɗari.

Shekara goma sha ɗaya, duk yammar da sama ta yi fes, ana kiran magariba a masallacin unguwa kake ɗaukar kwamfutarka ka wuce baya. Jim kaɗan sai in ji muryarka: "Maman Talatu, zo ki gani." Sau ɗaya na je, a makon farko. Ka nuna mini wata, haskensa ya soke mini ido, na ce na gani, na koma kan tukunyata. Daga nan ban sake zuwa ba. Kullum ina da dalili, kuma dalilan ba ƙarya ba ne. Na wuni a tsaye a ɗakin haihuwa, ƙafata ta kumbura, miya tana kan wuta, sauron bayan gida ya fi na ko'ina mugunta. Na taɓa ce maka ni ungozoma ce, abin mamakin da nake gani da rana ya ishe ni, ba sai na je neman ƙari a sama ba. Ka yi dariya, amma na ga yadda ka juya ka koma.

Daga baya ka canza salo. Ka ce akwai abu guda ɗaya a sama da ka ajiye mini, ba a ganinsa da ido kawai, yana fitowa daga Kirsimeti zuwa farkon damina, minti biyar kawai kake roƙo. Na ce gobe. Da na yi ritaya dalilin aiki ya ƙare, amma na riga na saba da ƙi, har ya zama kamar wasa tsakaninmu, kai ka kira, ni in ƙi. Bara, da ka ce saura kwana kaɗan gajimare ya rufe, na ce maka ai taurari ba sa gudu, baɗi ma rana ce. Me ya sa na faɗi haka? Me zai ragu a jikina da na ajiye ludayi na bi ka? Na yi wa kaina wannan tambaya a kowane lungu na gidan nan.

A watan jiya ina haɗa littattafanka na ci karo da wani ɗan littafin rubutu mai shuɗin bango. A shafin farko ka rubuta yadda ake tayar da na'urar, mataki-mataki har tara, da irin rubutunka na allo. A can ciki ka jera abubuwan da ka ajiye a kwamfuta, kowanne da lamba da sunan da ka raɗa masa. Na goma sha bakwai ka rubuta "Na Rifkatu". Ba Maman Talatu ba, sunana na yanka, wanda rabon da in ji shi a bakinka tun kafin mu yi furfura. Na zauna a ƙasa da littafin a cinyata har hantsi ya wuce. A ranar na yi wa kaina alkawari ba za a fitar da na'urar nan daga gidan nan ba sai na ga lamba goma sha bakwai da idona.

Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Matar da ta karɓi haihuwar rabin unguwa, mataki tara ne zai gagare ta? Na haɗa batirin sola kamar yadda ka rubuta. Na kunna na'urar, ɗan jan haske ya kama a jikin rimot ɗinta, ko da yake allon rimot ɗin ya daɗe da mutuwa, shi ya sa komai sai ta kwamfuta. Na kunna kwamfutar. Mataki na huɗu ya ce a haɗa rimot da kwamfuta da kebul, bakin USB a jikin kwamfuta, ɗaya bakin a gindin rimot. Na ciro sabon kebul mai launin shuɗi daga aljihun teburinka, yana cikin ledarsa ko buɗewa ba a yi ba. Na soka. Kwamfuta ta yi wata 'yar ƙara, sai ga rubutu a ƙasan allo, wai ba ta gane abin da aka soka mata ba.

Na zare na sake sokawa. Na gwada rami na biyu, na gwada na uku. Na kashe na kunna, na hura wa bakin kebul iska kamar yadda ake yi wa cajar waya, na ɗauko auduga da sifirit na goge ramukan ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani ɗan jan tabo kusa da ramin hagu, shi ma na dirje shi, bai fita duka ba. Kowane lokaci amsar ɗaya ce. Ka san halina, har magana na yi mata. Na ce ke, shekara nawa kina cin wutar gidan nan, yau za ki ce ba ki san kayan gidan ba? Kwana huɗu ina wannan, kowace yamma ina tura rufin in zauna a kujerarka, sama a buɗe, turmin yana kallon bango.

Na kira Talatu. Tana bakin aiki, ta ce in bar shi, idan an kai makaranta su za su san yadda za su yi. Ban gaya mata dalilina ba. Ta yaya zan gaya wa 'yarka cewa shekara goma sha ɗaya ubanta yana kirana taku ashirin ban je ba?

Sai na naɗe kwamfutar a zane na hau keke zuwa wajen masu gyara a kasuwa. Mutumin ya soka kebul, ya ga rubutun, ya girgiza kai kamar likitan da ya ga abin da ya fi ƙarfinsa, ya ce sai an wanke ta gaba ɗaya an zuba mata sabon komai. Na tambaye shi abin da ke ciki fa? Ya ce duk zai goge, amma kwamfutar za ta yi sauri. Hannunsa yana kan maɓalli na fizge ta. Da na tsaya gaisawa da wata a ƙofar shagon, da jerinka duka ya tafi, har da na goma sha bakwai.

Wadda ta gano matsalar ita ce Malama Hauwa, mai koyar da kwamfuta a makarantarku. Ta ce kai ka koyar da ita labarin ƙasa a aji huɗu, kuma har yau tana tsoron jan biro. Shugaban makaranta ne ya turo ta ta duba na'urar kafin a ɗauka. Da na nuna mata abin da ke faruwa, ta cire takalmi ta zauna, ta buɗe wani dogon jeri a kwamfutar, ta nuna mini 'yar alama mai ruwan ɗorawa kusa da sunan kebul ɗin. Ta yi mini bayani yadda zan gane. Wai na'urarka tsohon yare take ji, kwamfuta kuma sabo, shi ya sa kebul ɗin yake da ƙulli a tsakiya, a cikin ƙullin akwai ɗan tafinta da ke tsakaninsu. Tafintan da ke cikin wannan shuɗin jabu ne, kwamfuta ta gane shi, ta ƙi saurarensa. Ta yi ƙoƙarin sauko da wani abu ta wayarta da zai lallashi kwamfutar, ta fita tsakar gida tana ɗaga wayar sama don neman sabis, ta dawo ta zuba. Alamar ta ɓace na ɗan lokaci, har na fara gode wa Allah, sai ta dawo.

Daga nan ta danna wani wuri, wani suna ya fito a dushe, kamar rubutun da aka goge a allo bai gogu duka ba. Ta ce kwamfutar tana tuna wani kebul daban, wanda ta saba da shi, shi ne naka na ainihi, wannan shuɗin ba ka taɓa aiki da shi ba. Ta tambaye ni ko na san inda tsohon yake.

Na ce mata ban sani ba. Ƙarya na yi mata, Baban Talatu, da furfurata da komai. Tana rufe baki na san inda yake.

Kwana na uku na zaman makokinka ne. Gida cike da mutane, mata sun jera tukwane a tsakar gida, sai igiyar ƙyauren ɗakin awaki ta tsinke. Awaki suka fito suka afka wa kwandon alayyafo, ana kora ana ihu. Kowa yana tambayata ina igiya, kamar ba ni ce aka yi wa mutuwa ba. Na tashi na zagaya baya, na shiga ɗakin na'urarka don na san ba ka rasa tarkace. Na ga wani tsohon kebul mai ruwan toka yana lilo daga rimot, duk ka nannaɗe shi da baƙin salatif. Na ja aljihun tebur na ga sabo a leda. Ka san abin da ya zo mini? Haushinka na ji. Na ce a raina, dubi mutumin nan, ya sayi sabo ya ɓoye, yana ta fama da tsumma, kamar yadda yake yi da takalmi da reza da komai nasa. Kwananka uku a ƙasa ina yi maka faɗa a zuci. Na cizge tsohon, na je na ɗaure ƙyauren da shi, ƙulli biyu, ya kuwa riƙe gam.

Shekara talatin da takwas ina zubar maka da tsofaffin kaya kana bi kana tsincewa. Ban taɓa tsayawa na tambaye ka me ya sa ka riƙe wannan ka bar wancan ba. Na ɗauka rowa ce da son tarkace. Ashe wani lokacin ka gwada sabon ne ka ga ba shi da amfani, ko ka dube shi kawai ka gane, ka yi shiru don ba ka son doguwar magana da ni.

Malama Hauwa tana fita na nufi ɗakin awaki. Yana nan inda na ɗaure shi. Wata biyar rana tana dukansa, salatif ɗin ya kwakkwaɓe, mai baƙin kunne ta tauna gefe ɗaya har siraran wayoyin ciki sun fito. Amma ƙullin tsakiya yana ta cikin inuwa, bai fashe ba. Na daɗe ina kwance ɗaurin da na yi da hannuna, farcena ɗaya ya karye. Na samo tsumman atamfa na ɗaure ƙyauren, na shiga ɗaki da kebul ɗinka, na goge shi da ɗanyen ƙyalle, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Washegari na kai shi wurin tsohon nan mai gyaran rediyo na kusa da tasha. Ya juya shi, ya shinshina, ya tambaye ni ko a bakin kura na ƙwato shi. Na ce akuya ce. Ya yanke inda aka tauna, ya fere, sai ga wayoyi huɗu sirara, ja da baƙi da fari da kore. Ya haɗa kowace da 'yar'uwarta, ya ɗiga dalma, ya naɗe da sabon salatif, bai kuskure ko ɗaya ba. Da na faɗa masa na waye, ya ce ya san ka, kai ne malamin da ya taɓa kawo masa rediyon da ya girmi shagon. Ya ce bai yi alkawari ba, don ba ya ganin abin da ke cikin ƙullin.

Na dawo gida na soka shi a ramin dama. Kwamfuta ta yi ƙara, amma wata iri, mai hawa sama, kuma ba ta rubuta komai ba. Ban taɓa jin daɗin shirun wani abu kamar wannan ba. Na buɗe manhajar taurari kamar yadda mataki na biyar ya ce, na danna inda ake haɗawa, sai ta ce ba ta ga na'ura ba. Na kira Malama Hauwa, na fara da ba ta haƙuri kan ƙaryar da na yi mata. Ta ce mahaifiyarta ma da wayar caja take ɗaure buhun masara. Ta tambaye ni a wane rami na soka. Wai kowane rami da lambar da kwamfuta take ba shi, manhajar kuma lamba uku take jira, sai in nemi ramin da ka saba sokawa. Nan na tuna da jan tabon da na dirje da sifirit. Na kawo fitila na duba da kyau. Jan farce ne, irin nawa, ka ɗiga shi daidai bakin ramin hagu don kada ka manta. Ashe nan kwalbata ta tafi shekarun baya, ni kuwa na ɗora wa Talatu laifi. Na mayar da kebul ɗin can, na danna, wani ɗan ɗigo a kusurwar allo ya koma kore.

Daga ranar sai sama ta rufe. Yamma uku a jere gajimare yana tasowa daga kan duwatsun gabas, iska tana kawo ƙamshin ruwan da ya sauka a wani wuri. Duk gari murna ake yi, yayanka har waya ya yi mini daga Kwaja yana cewa bana da wuri za a yi shuka. Ina jin ni kaɗai ce a Mubi nake roƙon Allah ya riƙe ruwansa na kwana ɗaya. Na ji kunyar wannan addu'a, amma na yi ta.

Jiya da la'asar iska ta juya. Kafin magariba sama ta wanke tas. Ban ɗora tukunya ba. Na sa doguwar riga saboda sauro, na tura rufin, na bi matakanka ɗaya bayan ɗaya ina karantawa da ƙarfi kamar ɗaliba. Da duhu ya fara shiga, na nemo lamba goma sha bakwai a jerin, na danna.

Baban Talatu, ƙarar nan. Ban yi tunaninta ba sam. Wannan ɗan kukan injin da na'urar take yi idan tana juyawa, ashe na san shi kamar yadda na san tarinka. Shekara goma sha ɗaya ina jin sa daga madafa, shi ne yake gaya mini kana baya, lafiyarka ƙalau. Turmin ya ɗaga kai shi kaɗai, babu hannun kowa a kansa, ya juya a hankali zuwa kudu maso yamma, ya ɗan sunkuya, ya tsaya. Na matsa kusa da ginshiƙin.

Na kai idona wurin leƙawa. Ban ga komai ba sai wasu dunƙulen haske masu hazo, kamar fitilun mota ta gilashin da ruwa ya jiƙa. Na goge idona, na sa tabarau, na cire, duk ɗaya. Na koma littafin, mataki na tara shi ne na ƙarshe, cewa kawai ka yi a duba. Na daɗe kafin na gane. Kai idan za ka duba cire tabaranka kake yi, idonka kuma ba ya ganin nesa, nawa kuwa na kusa ne yake ba shi wahala. A gindin turmin akwai ɗan maɓalli da ake murzawa kamar na rediyo, shi ne yake daidaita gani da idon mai dubawa. Ba ka rubuta shi a matakan ba, don kai ba ka bukatar taɓa shi. A kan idonka yake.

Na kai hannu, na janye. Ka san duk abin da ke gidan nan an taɓa shi. An raba rigunanka, an wanke zanen gadonka, an matsar da kujerarka, ni da kaina na kwashe littattafanka. Wannan ɗan maɓalli kaɗai ne ya rage daidai inda yatsunka suka bar shi. Hazon nan da nake gani, a wurinka shi ne gani garau. Idan na murza, zan ga abin da ka ajiye mini, amma na goge abu na ƙarshe da ka saita da hannunka. Idan na bari, ranar Asabar wani zai murza ba tare da ya san ya taɓa komai ba. Na tsaya a nan, na'urar tana ɗan motsi tana bin abin zuwa yamma, rufin maƙwabta yana matsowa.

Na murza, ka yafe mini. Na fara yin hagu, hazon ya ƙaru, na dawo dama a hankali. Dunƙulen suka yi ta tsukewa, suna ƙanƙancewa, sai kawai suka zama taurari. Da yawa, Baban Talatu, a wuri ɗaya, kamar geron da aka watsa wa kaji a kan baƙin zane. Wasu manya, wasu sai na ɗan kawar da ido nake ganinsu. A tsakiyarsu akwai guda ɗaya ja-ja, kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Na ɗaga kai na dubi wurin da ido kawai, babu komai sai duhu, na sake sunkuyawa, suna nan. Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Sauro ya ci ƙafata yadda ya ga dama, ban kore shi ba. Ina kallo har gefen rufin maƙwabta ya fara cinye su daga gefe ɗaya, jan ya shige, sauran suka bi shi.

Kafin in rufe na yi ƙoƙarin mayar da maɓallin inda yake. Ban ƙirga sau nawa na murza ba. Na yi hagu, na yi dama, kowane hazo kama yake da ɗan'uwansa, daga ƙarshe na bar shi a kan idona.

To na gani. Yana da kyau, ka yi gaskiya, minti biyar ɗin da ka roƙa bai yi yawa ba. Amma me ya sa wannan? Cikin duk abin da ke sama, me ka gani a cikinsa har ka sa masa sunana? Jan nan na tsakiya ne? Yawansu ne ya tuna maka da jariran da na karɓa? Ko wata rana ce tamu da ni na manta, kai ka riƙe? Yau tun safe nake bin littafin shafi-shafi. Sauran duk ka yi musu bayani, wannan nisansa kaza, wancan ka fara ganinsa ranar kaza. A ƙarƙashin na goma sha bakwai ka bar layi uku babu komai. Na duba kwamfutar ma, suna ne kawai da lambobi. Na san ka, ba mantuwa ka yi ba. Ka bar wannan ne don ka faɗa mini da bakinka, ina tsaye kusa da kai.

Ka huta lafiya, mijina. Sai Ubangiji ya sada mu.

Taka,
Rifkatu